Neman Diyyar Rauni a Bakin Aiki: Nazari Daga Bata, Kano

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana hanyar da ma'aikaci ɗan ƙungiyar ƙwadago zai bi ya sami diyya idan ya ji rauni a bakin aiki. Mun ɗauki misalanmu daga Bata, watau mahaɗar nan ta tsakanin Fagge da Sabon Gari, wadda ta samo sunanta daga kantin takalma na kamfanin Bata. Dalili kuwa shi ne, a nan ne 'yan dako da direbobi da yaran kanti na Kantin Kwari da Singa da Kasuwar Sabon Gari suke cuɗanya, ta nan kuma da yawa daga ma'aikatan masana'antun Bompai suke ratsawa safe da yamma. A ganinmu, galibi ba a kotu ma'aikaci yake rasa haƙƙinsa ba, a makonni biyun farko ne.

Tun zamanin Turawa, a 1941, aka kafa dokar biyan ma'aikata diyya a Nijeriya, sa'an nan gwamnatin soja ta sake ta a 1987. A ƙarƙashin ta 1987, mai kamfani ne ke biya, a dunƙule: albashin wata 42 ga magada idan an rasa rai, na wata 54 idan mutum ya naƙasa ƙwata-ƙwata. Aibin wannan tsari a fili yake, domin wanda ake nema a wurinsa shi ne ke riƙe da abincin mai nema. Dokar da aka sa wa hannu a watan Disamba na 2010 ta sauya wannan. Yanzu kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun Hukumar Inshorar Ma'aikata, watau NSITF, ita kuma hukumar ita ke biyan diyya. An haramta cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci domin wannan. Dokar ta haɗa har da leburan wucin gadi da mai koyon sana'a da ɗan aikin gida. Sojoji ne aka keɓe.

Ya kamata mu tsaya a kan kalmar diyya, saboda tana rikita mutane. Bahaushe ya san diyya ta fuskar shari'ar Musulunci, inda dole a sami wanda ya yi kisa ko ya jikkata. Shi ya sa idan inji ya datse wa saurayi yatsu, ko dilar atamfa ta faɗo wa ɗan dako a baya, sai a ce ai ba laifin kowa, ƙaddara ce. Mu ma ba mu musa ƙaddara ba. Amma ita wannan doka ba mai laifi take nema ba. Abin da take tambaya kurum shi ne, ko raunin ya auku ne saboda aiki ko a cikinsa. Har ila yau, ta shigar da hatsarin da ya sami ma'aikaci a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, da cutar da aiki ya haddasa, da kurunta saboda ƙarar inji.

To, ga inda gizo yake saƙar. Doka ta ba ma'aikaci, ko magadansa, kwana 14 ya sanar da wurin aikinsa, tare da sunansa da lokaci da wurin da abin ya faru da yadda ya faru. Rashin sanarwa yana iya kashe neman baki ɗaya, sai fa idan hukumar ta gamsu da uzuri, alal misali cewa mai kamfani ya riga ya sani. Shi kuma mai kamfani kwana 7 aka ba shi ya kai rahoto ga hukumar. Bayan haka sai a cike fom ɗin neman diyya cikin shekara 1, ko zuwa shekara 3 idan akwai dalili mai ƙarfi. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

Abin da ya fi faruwa a kasuwa shi ne, maigida ya ɗauki yaronsa ya kai asibiti, ya biya magani, ya ba iyali na cefane. Wannan alheri ne, amma ba diyya ba ce, kuma kunyar wannan alheri ita ke rufe bakin majiyyaci har wa'adi ya shige. A nan ne amfanin ƙungiya yake. Tun da aka tattara ƙungiyoyi ƙarƙashin NLC a 1978, sakataren reshe yana iya faɗin abin da ma'aikaci shi kaɗai ba zai iya ba. Shi ya kamata ya rubuta sanarwar a ranar, ya riƙe kwafi mai sa hannu, ya ɗauki sunayen shaidu, ya adana katin asibiti da rahoton likita da takardar albashi. Tun kafin wani ya ji ciwo ma, ya dace ya binciki ko an yi wa ma'aikatan rajista da hukumar. Idan an kawo wa majiyyaci takarda a gadon asibiti wai ya yafe, doka ta ce irin wannan yarjejeniya ba ta da inganci.

Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano. Akwai kuma wata gaɓa da ta shafi Bata musamman, saboda cunkoson ababen hawa. Idan motar wani can dabam ce ta buge ma'aikaci yana kan aike, to sai ya zaɓa: ko ya karɓi diyyar hukuma, ko ya yi ƙarar mai motar, kuma wata 6 aka ba shi ya bayyana zaɓinsa.