Warin Sigari a Wurin Aiki: Yadda Za a Gyara Ba Tare da An Ɓata Zumunci Ba

Port Môle ita ce tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Libreville. Manyan jiragen kaya sun koma Owendo tun da daɗewa, amma daga nan ne jiragen fasinja ke tashi zuwa Port-Gentil, garin da galibin matafiya ke isa ta ruwa ko ta sama. A kewayen tashar mutane da yawa ke neman abincinsu: masu yankar tikiti, 'yan dako, masu gadi, direbobi da masu kula da ɗakunan ajiyar kaya. Wasu 'yan ƙasa ne, wasu baƙi daga Nijar, Najeriya, Kamaru da Mali, cikinsu har da 'yan uwanmu Hausawa. Hausawa kan ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Daga cikin abubuwan da ke jawo saɓani a irin wannan wuri akwai wanda ake raina shi, alhali ya raba aminai, ya kuma sa wasu sun bar aiki: warin sigari.

Rigimar takan fara ne shiru. Mutum uku ko huɗu suna aiki a ƙaramin ofis, an rufe taga an kunna na'urar sanyaya ɗaki. Ɗayansu ya fita ya busa sigarinsa ya dawo. Na kusa da shi ya ɗaure fuska, ya ja kujerarsa baya, ya fesa turare. Mai sha ya lura, ya ji an wulaƙanta shi. Babu wanda ya ce uffan, amma gaisuwa ta fara gajarta. Ranar da magana ta fashe, sai ka ji mai sha yana cewa: “Tashar nan duk ƙarnin kifi da warin gas ne, sigarina kaɗai ka gani?” Daga nan an bar zancen taba an shiga gori.

Hayaƙi daban, wari daban

Abin da ke dagula wannan rigima shi ne ana cakuɗa matsaloli biyu. Ta farko hayaƙin da ake busawa a inda wasu ke numfashi. Ta biyu warin da ke biyo mutum bayan ya kashe sigarinsa a waje. Kowace da maganinta.

Game da hayaƙi, likitoci sun gama magana. A cikinsa akwai sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su sha, shaƙar hayaƙin wasu kawai suke yi. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango ba ta fitar da hayaƙin waje. Iskar ɗakin take ja ta sanyaya ta dawo da ita. Saboda haka wanda ya koka ba iyayi yake yi ba, musamman mai ciwon asma, ko mai ciwon ɓarin kai, ko mace mai juna biyu.

Doka ma ta yanke hukunci. Gabon ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a shekarar 2009, ta kafa dokarta a 2013, sannan a 2016 aka fitar da dokokin zartar da ita. Wannan doka ta taƙaita shan taba a wuraren taruwar jama'a, da wuraren aiki, da ababen sufuri. Waɗanda suka zo daga gida ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin Nijar ta yi tata dokar tun 2006, Najeriya kuma a 2015. A tashar jiragen ruwa akwai ƙarin dalili: inda ake jibge durom-durom na mai da kwalaye da buhunan kaya, guntun sigari ɗaya ya isa ya cinye dukiyar mutane da dama. Don haka busa hayaƙi a cikin ofis ko ɗakin ajiya ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne.

Abin da sai ladabi ke gyarawa

Wari kuwa babu dokar da za ta kore shi. Burbushin hayaƙi na maƙalewa a tufafi, da gashi, da gemu, da yatsu, ya kuma ci gaba da fita tare da numfashi na ɗan lokaci bayan an kashe sigarin. A gari mai laima da gumi irin Libreville, musamman da damina, riga takan riƙe shi har yamma. Abin lura shi ne mai shan ba ya jin warin kansa: hancinsa ya saba, taba kuma na dusashe ƙarfin sansana. Sau da yawa wanda ake zargi da rashin kunya bai ma san yana cutar da kowa ba.

Addininmu bai raina wannan al'amari ba. Hadisi ingantacce ya nuna cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci, alhali kuwa dukkansu halal ne. Darasin a fili yake: hancin maƙwabci yana da haƙƙi. Amma addinin da ya hana cutar da mutane da wari shi ne kuma ya hana tozarta mutum a bainar jama'a.

Saboda haka wanda warin ya dama ya nemi abokin aikinsa a keɓe, a lokacin da babu gajiya babu fushi. Ya yi magana a kan ƙirjinsa, kada ya taɓa halin mutumin. Ƙarami na iya ce wa babba: “Yaya, don Allah ka yi haƙuri, ina da 'yar magana. Warin taba na tayar mini da tari, kuma ɗakin nan a rufe yake. Ko za ka ɗan tsaya a waje iska ta buge ka kafin ka shigo?” Irin wannan lafazi yakan buɗe ƙofar da habaici ke rufewa. In mai shan maigida ne ko dattijo, to a bi ta hannun sa'ansa da yake jin nauyi.

Akwai wani tarko da ya kamata mu baƙi mu kiyaye. In abokin aikin ba Musulmi ba ne, kada a kai masa maganar da sunan halal da haram, domin zai ɗauka ana so a ɗora masa addini a ƙasarsa, ƙaramar matsalar iska ta rikiɗe ta zama rigimar ɗan ƙasa da baƙo. Lafiya da doka sun isa hujja, kuma kowa ya yarda da su. Mai koke kuma ya dubi kansa, don laifi tudu ne: turare mai ƙarfi da turaren wuta su ma suna tayar wa wasu da ciwo, fesa turare a kan warin taba kuwa wari biyu yake haifarwa.

Ga ɗan uwa mai sha

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abubuwan da ake roƙonka ba su da tsada. Ka yi nesa da ƙofa da taga. In ka gama, ka ɗan dakata a waje na 'yan mintuna, ka wanke hannu da fuska da sabulu, ka kurkure baki ko ka yi asuwaki. Ka tanadi riga ta sama da za ka sa lokacin sha, ka rataye ta a waje. Kada ka zubar da guntu a kwandon sharar ofis. Ka kuma kula da yawan fita, domin wani lokaci abin da ke cin abokanka a rai shi ne aikin da kake bar musu.

Mun san taba na da kamu, kuma barinta ba wasa ba ne. Amma kowane watan Ramadan hujja ce a hannunka: a Libreville kana yin kimanin awa 13 ba ka kunna sigari ba, kuma aiki bai tsaya ba. Wanda ya iya wannan zai iya jira har lokacin hutu. Ka tuna kuma rigar da ta dami abokin aikinka ita kake rungumar jaririnka da ita in ka koma gida.

In magana ta ƙi

Idan an yi nasiha sau ɗaya, sau biyu, ba a ga canji ba, sai a kai wa shugaban wurin ko wakilin ma'aikata, wanda da Faransanci ake kira délégué du personnel. A nemi tsari da zai hau kan kowa: a ware wurin sha a fili nesa da ƙofa da kayan mai, a tsayar da lokutan hutu, a liƙa sanarwa, in da hali a sauya wurin zama. Shugaba mai hikima ba ya kiran suna a taro, kuma ba ya ce wa mai koke ya yi haƙuri kawai. Zuwa ofishin sufeton ƙwadago shi ne mataki na ƙarshe, in ana ci gaba da busa hayaƙi a ɗaki a rufe bayan an bi duk waɗannan hanyoyi.

Neman abinci ne ya fito da mu daga garuruwanmu, kuma wanda kake yini da shi a wurin aiki maƙwabcinka ne, yana da haƙƙi a kanka kamar yadda kake da shi a kansa. Mai sha ya ba abokinsa iska mai tsabta, mai koke ya bar wa abokinsa mutuncinsa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sauƙaƙa wa masu son bari. Amin.