AWON JIKI DA LANTARKI GA MAI GUBAR JINI

Hakimai, da ku malamai masu riƙe da littattafan haihuwa da mutuwa: kun sha rubuta sunan mutumin da ya ci kasuwa da ƙafarsa ran Laraba, ran Asabar kuwa aka kai shi makwanci. In an tambayi sanadi, sai a ce ɗan rauni ne na fartanya, ko kuwa zazzaɓi ne bayan haihuwa. Da yawa daga cikin irin waɗannan gubar jini ce ta ɗauke su, watau cutar da likitoci su ke kira sefsis. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana muku cutar, da wata dabara ta auna majiyyaci da lantarki, kana da abin da ya rataya a wuyanku.

Mece ce gubar jini?

Ƙwayoyin cuta su kan shiga mutum ta rauni, ko huhu, ko hanji, ko mafitsara, ko mahaifa. Da shigarsu sai jiki ya tashi yaƙi da su. Amma wani lokaci yaƙin ya kan wuce iyaka, har jiki ya koma yana ɓarnar kansa: ƙoda ta daina tace fitsari, huhu ya gaza, hankali ya gushe. Bisa ga lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar, a shekarar 2017 mutum kusan miliyan 49 su ka kamu, miliyan 11 su ka mutu, watau ɗaya cikin biyar na dukan mace-macen duniya a shekarar. Cikin waɗanda su ka kamu, kimanin miliyan 20 yara ne da ba su kai shekara biyar ba.

Wahalar ruwa

Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne. Kashi biyu cikin uku na ruwan nan yana cikin ƙwayoyin jiki, waɗanda su ne tubalan ginin mutum, kowace da tantanin da ya kewaye ta. Sauran yana waje, cikin jini da tsakanin nama.

Gubar jini ta kan sa jijiyoyin jini su saki, su riƙa yoyo. Ku kwatanta da lambu wanda hanyar ruwansa ta fashe: ga ruwa kwance a turba, ga kuma fangali ya bushe. Haka majiyyaci ya kan kumbura alhali jijiyoyinsa ba su da isasshen ruwa. Don haka ne a ke yi masa ƙarin ruwa. Jagorar da manyan likitocin duniya su ka fitar, bugun 2021, ta ba da shawarar mililita 30 ga kowane kilo na nauyin baligi cikin sa'a uku na fari. Mai kilo 60 ke nan zai sami lita 1.8.

Amma fa ruwan nan in ya yi yawa shi ma illa ne, gama ya kan taru a huhu. A 2011 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitocin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani. Cikin waɗanda aka ɗura wa ruwa da gaggawa, fiye da 10 cikin 100 su ka mutu cikin kwana biyu. Cikin waɗanda ba a yi wa haka ba kuwa, kimanin 7. Ashe likita yana tsakanin rami biyu: ya rage, ƙoda ta bushe, ya ƙara, huhu ya cika. Sikeli ba ya faɗa masa inda ruwa ya kwanta, kumburin ƙafa kuma ba ya bayyana sai ruwa ya riga ya taru. Nan ne awon lantarki ya ke da amfani.

Yadda a ke awon

Kowa ya san ba a taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu, domin lantarki yana bin ruwa, balle mai gishiri irin na jikinmu. Kitse da ƙashi kuwa su kan turje masa. A kan wannan aka gina dabarar. Wani likitan Faransa, Thomasset, shi ya fara gwada ta a 1962. A 1969 kuma Hoffer da abokan aikinsa a Amurka su ka nuna ana iya ƙiyasta dukan ruwan jiki da ita.

Majiyyaci yana kwance, sai a manna masa 'yan faifai huɗu, biyu a hannu, biyu a ƙafa. Na'ura ta saki ɗan lantarki mai kai da komo sau 50,000 cikin daƙiƙa, wanda ƙanƙantarsa ta kai mutum ba ya ko jin sa. Ba allura, ba yanka, cikin 'yan mintoci an gama.

Abu biyu na'urar ta ke karantawa. Na fari, turjiyar jiki: in ruwa ya yi yawa sai turjiya ta ragu, in jiki ya bushe ta ƙaru. Na biyu, jinkiri: tantanin ƙwayar jiki mai lafiya ya kan riƙe lantarki ɗan lokaci kafin ya sake shi. Daga waɗannan biyu a ke fitar da wani adadi da a ke kira kusurwa, a ke lissafa shi da digiri. Ta lafiyayyen baligi ta kan kama daga digiri 5 zuwa 7. In tantani ya lalace, ko nama ya zube, ko ruwa ya malala waje, sai kusurwa ta faɗi. A 1994 wani likitan Italiya, Piccoli, ya tsara hanyar ɗora awon biyu a kan taswira, yadda za a ga majiyyaci yana karkata wajen kumburi ne ko wajen bushewa. A 2016 kuma wani bincike kan majiyyata fiye da 900 a ɗakunan masu matsanancin ciwo na ƙasashe dabam dabam ya nuna cewa masu ƙaramar kusurwa ranar shigarsu sun fi mutuwa cikin kwana 28. Sabo da haka likita ya kan maimaita awon kullum, domin inda adadin ya dosa ya fi na rana guda ba da labari.

Iyakarsa

Kada a ɗauki awon nan magani, kuma ba shi ne ke gano gubar jini ba. Ba ya rarrabe ruwan da ke cikin jijiya da wanda ya kwanta cikin nama. Zafin jiki, da gumi, da kuskuren manna faifai su kan karkatar da shi. Yawancin ƙa'idodin lissafinsa daga masu lafiya aka samo su. An saba kuma kauce wa yin sa ga wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya. Sheda ne guda, sai an haɗa shi da awon jini, da na fitsari, da idon likita.

Abin da ya rataya a wuyanku

Kowace irin na'ura, ba ta auna wanda ya ke kwance a ƙauye. Ku umurci dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'a waɗannan alamu ga mai rauni ko zazzaɓi: ruɗewa ko barcin da ba a saba ba, numfashi sau 22 ko fiye cikin minti ga baligi, wanda ko da agogo ana ƙirga shi, wuni ba fitsari, sanyin hannu da ƙafa, maijego mai zazzaɓi da ɗoyin jini, jariri ya ƙi nono. In an ga ɗaya, a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya ƙaho ko sakiya, gama ga wanda ciwon ya kayar, cikin sa'a guda a ke so maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga jikinsa.

Ku hana ƙarin ruwa a gida a hannun wanda ba shi da izini. Kowane gari ya san motar da za a nema ko da tsakar dare. Malamai kuma su rubuta wa masu rakiya ranar da ciwo ya fara, da magungunan da aka sha, da lokacin fitsari na ƙarshe. Ran 13 ga Satumba kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan cuta a duniya. Ya kyautu a karanta takardan nan a majalisarku a ranar.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.