Motar da aka ƙera a Groningen, aka tuƙa a Suwizalan

A shekarar 2011 masana sinadarai na Jami'ar Groningen da ke ƙasar Holan, ƙarƙashin Farfesa Ben Feringa, suka ƙera mota mai ƙafa huɗu wadda gaba ɗayanta ƙwayar sinadari guda ce. Tuƙa ta kuwa sai da suka haɗa gwiwa da cibiyar Empa ta Suwizalan. Can aka ɗora ta kan jan ƙarfe cikin tsananin sanyi, aka riƙa tsikarinta da lantarki ta tsinin na'urar hangen ƙwayoyin zarra. Tsikari goma ya matsar da ita nanomita shida, kuma sai an tara nanomita biliyan guda ake samun mita ɗaya.

Tafiyar gajera ce, amma asalinta da nisa. Jean-Pierre Sauvage ya sarƙe zobban sinadari biyu a Strasbourg a 1983. Fraser Stoddart ya zura zobe a kan sanda a 1991, Feringa kuma ya samar da inji mai juyawa a 1999. Jami'in da ya saba auna bincike da kasafin shekara guda, da tuni ya rufe fayil ɗin. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2016, shekara 33 bayan zobban Sauvage.