Hanyoyin Shiga Sana'ar Gina Shafukan Intanet

Akwai sana'o'in da ƙofarsu ɗaya ce. Likita ba ya duba marar lafiya sai ya gama makarantar likitanci ya sami lasisi. Gina shafukan intanet kuwa ba haka yake ba, domin ba a neman lasisi, kuma masu yin sa sun fito daga fannoni iri-iri. Tarihin waɗanda suka kafa sana'ar ma ya nuna haka.

Da farko akwai hanyar jami'a. Brendan Eich, Ba'amurken da ya ƙirƙiro harshen JavaScript a kamfanin Netscape a shekarar 1995, ya karanta lissafi da kimiyyar kwamfuta. Wannan hanya tana ba ɗalibi tushe mai ƙarfi, sai dai tana cin shekaru da kuɗi.

Hanya ta biyu ita ce ta waɗanda suka ƙetaro daga wani fanni. Tim Berners-Lee, mutumin Ingila, kimiyyar fiziks ya karanta a Jami'ar Oxford, ya gama a 1976. Yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba ya ga masana na wahalar musayar takardu tsakanin kwamfutocinsu. A 1989 ya gabatar da tsarin da ya zama yanar gizo. Ke nan matsalar wurin aiki ce ta kai shi ga wannan fage.

Ta uku ita ce koyo da kai. Matt Mullenweg ɗalibin kimiyyar siyasa ne a Jami'ar Houston lokacin da shi da Mike Little suka fara WordPress a 2003, kuma bai gama digirin ba ya bar jami'a ya kama aiki. Daga baya aka sami darussa na kyauta, irin na freeCodeCamp da Quincy Larson, tsohon malamin makaranta, ya kafa a 2014. A shekarar ce kuma kamfanin Andela ya soma horar da matasa a Legas.

Abin da ya sa ƙofofin suka yi yawa shi ne aikin kansa ya kasu. Wasu suna tsara fuskar shafi, wato abin da mai karatu ke gani, da HTML da CSS da JavaScript. Wasu suna kula da bayan fage, inda ake adana bayanai, da harsuna kamar PHP ko Python. Mai zane yakan fi sakewa a ɓangare na farko, mai son lissafi a na biyu. Shi ya sa mai ɗaukar ma'aikaci yakan nemi ganin shafukan da mutum ya riga ya gina, kamar yadda ake duba ɗinkin tela kafin a ba shi yadi.

Ɗalibin harshe ma yana da gurbi a nan. Shafin Hausa yana buƙatar wanda ya san cewa ƙ da k ba harafi ɗaya ba ne, tunda "ƙasa" daban, "kasa" daban. Tsarin Unicode ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, amma in aka zaɓi salon rubutun da ba ya ɗauke da su, sai su fito a matsayin akwatuna. Haka kuma sai an yanke shawara tsakanin ƴ na Nijar da 'y na Najeriya. Wanda ya haɗa ilimin harshe da ɗan sanin HTML shi ne ke iya warware irin wannan matsala tun kafin shafi ya isa gaban masu karatu.