Palm Springs, Garin da ke Sayar da Rana

Yau mun nufi kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, garin Palm Springs, kimanin kilomita 170 gabas da Los Angeles, a gindin dutsen San Jacinto.

Hamada ce tsagwaronta. Ruwan saman shekara guda da wuya ya kai milimita 150. Daga Yuni zuwa Satumba rana takan ƙwalle har direba ya nemi tsumma kafin ya kama sitiyari, kuma a ranar 5 ga Yulin 2024 zafi ya kai digiri 51 a ma'aunin Salshiyas, abin da ba a taɓa gani a garin ba.

To, me ake zuwa nema? Hunturu. Lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe Kanada da arewacin Amurka, a nan mutum na zaune bakin tafkin ninƙaya da 'yar shara. Ƙidayar 2020 ta nuna mazauna garin ba su kai 45,000 ba, amma daga Nuwamba 'yan fansho kan yi ta kwararowa, sai zafi ya fara leƙowa a Afrilu su tattara komatsansu.

Tun kafin zuwan Turawa, 'yan ƙabilar Cahuilla ke zaune a wurin, kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi da har yau take tsakiyar gari. A shekarun 1870 gwamnati ta yanka ƙasar kamar gurabun dara: wannan gurbi na kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific, na kusa da shi na ƙabilar. Shi ya sa ɗimbin gidajen alfarmar garin ke kan filin haya, kuma reshen ƙabilar da ake kira Agua Caliente ne ke karɓar kuɗin. Sai dai akwai tabon da takardun tallan yawon buɗe ido ba su cika ambata ba. A shekarun 1950 da 1960 an tashi talakawa, akasarinsu baƙar fata da 'yan asalin Meziko, daga unguwar Section 14, aka rushe gidajensu, wasu aka cinna musu wuta. Sai a 2024 majalisar birnin ta amince da diyyar dala miliyan 5.9, bayan da yawa daga cikin waɗanda aka zalunta sun riga mu gidan gaskiya.

Masu tarin fuka ne baƙin farko, saboda busasshiyar iska; dominsu Nellie Coffman ta buɗe masaukin Desert Inn a 1909. Daga baya taurarin Hollywood suka gano wurin. Frank Sinatra ya gina gida a 1947 da tafki mai siffar fiyano, mawaƙi Sonny Bono kuma ya zama magajin gari a 1988.

Idan kun je, kada ku bar motar igiya da aka buɗe a 1963. Cikin minti 10 takan ɗauke ku daga ƙasa zuwa tsayin mita kusan 2,600 a kan dutsen San Jacinto, ɗakinta na juyawa a hankali, ku sauka cikin sanyi har ku nemi rigar ɗumi. Ƙasa kuwa, a kwarin Coachella inda garin yake, ga gonakin dabino. Irin Deglet Noor daga Aljeriya aka kawo shi, Medjool daga Maroko.

Abin da ke ɗaure kai shi ne filayen wasan golf sama da 100 a wannan kwari, kore shar a tsakiyar rairayi. Ruwansu daga ƙarƙashin ƙasa ne da kogin Colorado, kogin da jihohi 7 ke ja-in-ja a kansa, ga shi kuma yana ta raguwa.