Sabbin harsasan farauta masu gudun tsiya: shin da gaske sun fi na dā?

Duk matashin da ya taɓa buga PUBG Mobile ya san daɗin tsintar AWM a akwatin da jirgi ke jefowa. Harsashinta .300 Magnum ne, harbi ɗaya a ka, zance ya ƙare. Daga wasan ne wasu ke zarcewa YouTube da TikTok, inda maharban Amurka ke gwada sabbin harsasan farauta masu sunaye kamar na wayoyi: 6.5 Creedmoor, 28 Nosler, 7mm PRC, 7mm Backcountry. Kowanne ya fito sai a ce ya fi gudu, ya fi cin nisa, ya aika tsofaffin hutu. Yaron da ke kallon wannan a Babura, alhali adakar kakansa na rataye a zaure, dole ya tambayi kansa: wannan ci gaba ne na gaskiya, ko irin tallan kyamarar waya ne mai megafiksel 108 da hotonta bai fi na mai 12 kyau ba?

Kafin a je ko'ina, abin da ake kira harsashi a dunƙule abu huɗu ne: kwanson tagulla, albarushin da ke cikinsa, ɗan maɓallin da ke tayar da wuta a gindi, sai kan da ke fita ya tafi. Bindigar da ake magana a kai ita ce raifil, wadda aka yi wa murɗaɗɗen zane a cikin bututu domin kan harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, kada ya yi tangaɗi a iska.

Gudu ba sabon abu ba ne

Babban tsallen da aka yi a tarihin harsashi ya faru ne tun 1884, lokacin da Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Kafin nan bindigogi na amfani da baƙin albarushi irin na adaka, wanda da ƙyar yake tura dalma ta wuce mita 500 a sakan ɗaya. Cikin shekara ashirin da 'yan kai aka samu 7x57 Mauser a 1892, da 6.5x55 na Suwidin da Norwe a 1894, da .30-06 na Amurka a 1906. Na ƙarshen nan yana fitar da kai mai nauyin giram 11.7 da gudun kusan mita 820 a sakan, wato ya ninka gudun sauti fiye da sau biyu. A 1935 kuma kamfanin Winchester ya fito da .220 Swift, wanda ya haura mita 1,200 a sakan. Shekara kusan casa'in ke nan, kuma yawancin sabbin da ake yayi yanzu ba su kamo shi a gudu ba.

Sai a dubi 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ya fitar a 2007 kuma ya zama gagarabadau a kasuwar Amurka. Gudunsa da kai mai giram 9.3 kusan mita 820 ne a sakan. Daidai da .30-06, da kai mafi sauƙi ma. Idan aka jera shi da 6.5x55 na 1894, kaurin kansu ɗaya, gudunsu kusan ɗaya. Da wannan tsohon ne maharban Suwidin suka shafe fiye da ƙarni suna kayar da wata dabbar dajinsu mai girman bijimin sa.

Waɗanda suka ƙara gudu da gaske su ne irin 7mm PRC na 2022, mai tura giram 11.3 da kusan mita 915 a sakan. Wanda ya gada, 7mm Remington Magnum na 1962, yana tura nauyi iri ɗaya da kusan mita 870. Bambancin kashi 5 cikin ɗari ne bayan shekara 60. Gaskiya ne ƙarfin bugu yana hawa fiye da yadda gudu ke hawa: a ƙara gudu da kashi 10, ƙarfi ya ƙaru da kashi 21, a ninka gudu sau biyu, ƙarfi ya ninka sau huɗu. Da wannan lissafin masu talla ke cin kasuwa. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne iska ma tana ƙara turjiya gwargwadon gudun, kuma dabba ba lambar da ke jikin kwali ke kashe ta ba, inda aka same ta ne. Wani Bature ɗan Sikotland, W.D.M. Bell, ya kashe giwaye kimanin dubu a farkon ƙarni na 20, mafi yawansu da ƙaramin 7x57. Ɓarna ce da ba abin yabo ba, amma ta nuna cewa saiti ya fi gudu.

To mene ne sabo?

Akwai ci gaba, sai dai ba a inda ake nuna shi yake ba. Na farko siffar kan harsashi ce. Sabbin dogaye ne, sirara, masu tsini da matsattsen gindi, don haka suna ratsa iska ba tare da saurin gajiya ba, kuma iskar gefe ba ta karkatar da su sosai. Dogon kai yana bukatar ya juya da sauri kafin ya tsaya daidai, shi ya sa ake yi wa bututun 7mm PRC zanen da ke kammala zagaye ɗaya a duk santimita 20, maimakon kusan 24 na wanda ya gada. (Mutanen Suwidin sun yi irin wannan murɗin tun 1894, sai yanzu kasuwa ta waiwayo.) Na biyu, injinan yau sun fi na dā daidaito, harsashi ɗari daga kwali ɗaya kusan halinsu ɗaya. Na uku, wanda shi ne sabo fil, kwanso ne: a farkon 2025 kamfanin Federal ya fitar da 7mm Backcountry mai kwanson ƙarfe maimakon tagulla, wanda ke jure matsin da ya fi na sauran da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Amfaninsa shi ne a samu gudun doguwar bindiga daga gajeren bututu.

Amma abin da ya fi canza harbin nesa ba ya cikin kwanso ko kaɗan. Yana aljihu. Na'urar leza mai auna nisa, da madubin saiti mai kyau, da manhajar waya irin Applied Ballistics ko Hornady 4DOF, wadda ake ba ta nisa da zafin gari da ƙarfin iska ta lissafa inda harsashi zai sauka. Idan manhaja ta san faɗuwar harsashi, to ko ya faɗi santimita 90 ko 120 duk gyaran madubi ne. Wato manhajar da aka yi don sabbin ita ce kuma ta tsawaita ran tsofaffin.

A lambobi, idan aka saita bindigogi biyu a nisan mita 180, a mita 275 bambancin faɗuwar .30-06 da 7mm PRC bai kai faɗin tafin hannu ba. Sai an kai wajen mita 450 tazarar ke haura santimita 30. A can ne sabon ya yi zarra, babu musu. Kuma a can ne harbi ya fi raunata dabba ta gudu ta mutu a ɓoye, domin kafin harsashi ya isa ta iya ɗaga ƙafa.

Gudu kuma yana da farashi. Albarushi mai yawa da ke fita ta ƙaramar kafa yana cinye maƙogwaron bututu kamar yadda cajin gaggawa ke cin batir. A ƙiyasin masu harbin gasa, bututun .308 Winchester kan kai harbi dubu biyar ko fiye kafin saitinsa ya lalace, na 28 Nosler kuwa wajen dubu ɗaya. Ga ƙara, ga shurin kafaɗa, ga tsadar harsashi. Wanda bindiga ke shura kuwa yakan fara runtse ido kafin ya ja kunama, daga nan saiti ya tafi.

Idan aka dawo gida

Ƙasar Kazaure ta san farauta tun asali. Labarin kafuwar garin ma, kamar yadda ake ba da shi, na wani maharbi ne mai suna Kutumbi da ya ga wuri tsakanin duwatsu ya ce kamar zaure. Amma dajin da ya shiga ba shi ne na yau ba. Daga Babura zuwa bakin iyakar Nijar gonakin gero ne da dawa da gyaɗa da riɗi, ƙauye na hango ƙauye. Abin da mafarauta ke dawowa da shi bayan an kawar da amfanin gona zomo ne, da zabin daji, da fakara, da kurege, da gafiya, wani lokaci damo. Barewa ta zama labari. Mafi yawan wannan aikin kare ne da gora ke yin sa, mai bindiga kuwa da wuya ya yi harbin da ya wuce taki hamsin.

A irin wannan nisan, harsashi mai gudun mita 900 a sakan ba ƙari ba ne, asara ce. Zomon da ya samu sai dai a tsinci fata. Abin da ya fi muni shi ne inda harsashin zai je idan ya kuskure. Ƙananan ƙwayoyin dalma na bindiga mai baki biyu suna zubewa kafin mita 300. Kan .30-06 da aka harba sama-sama yana iya cin kilomita 3 zuwa 5, sabbin masu ratsa iska kuma an ƙera su ne musamman don kada su gaji da wuri. A tsaunukan yammacin Amurka, inda aka tsara su, bayan dabba dutse ne da fili. A shimfiɗaɗɗiyar jigawar Babura, bayan zomo akwai mai kiwo, da mata a rijiya, da makarantar allo. Ko a duwatsun Roni da Gwiwa, harsashin da ya daki dutse yana iya tsalle ya canza hanya.

Ita ma adaka ba tsarkakakkiya ba ce. Tana ƙin tashi idan albarushi ya sha raɓa, tana ɗaukar lokaci kafin a sake ɗura ta, har aka yi mata laƙabin harba-ka-ruga, kuma bututun da ba a gwada ƙarfinsa ba yana iya fashewa a hannun mai shi. Tazarar da ke tsakaninta da kowace bindiga mai kwanso babba ce ƙwarai. Sai dai wannan tazara ce ta ƙarni na 19, ba ta da alaƙa da PRC.

Sannan akwai doka. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a cikinsu aka lissafa raifil ɗin soja masu kaurin milimita 7.62 da inci .303. Akwai na mutum, irin mai baki biyu da raifil ɗin farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗuri ta baki irin adaka, da ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai, saboda yadda bindigogi suka yi yawa a hannun jama'a. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da lasisin bindigar da yake shiga, don haka ko ƙwaya ɗaya ta 7mm PRC da wani zai saya don ado ko don ɗaukar bidiyo tana iya kai shi gaban alƙali.