3.2 Dangantakar Iyaye Da 'Ya'ya A Littattafan Balaraba Ramat Yakubu

A wannan sashe za a duba yadda marubuciyar ta kawo zaman iyaye da 'ya'yansu, tun daga ƙuruciya zuwa aure, har lokacin da ƙarfin iyayen ya fara ja da baya. Littattafai biyu aka ɗauka, wato Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo, waɗanda duka suka fito a shekarar 1990. Abin da nazarin ya hango shi ne, a wajen marubuciyar ikon uba a kan iyalinsa yana tafiya ne tare da sauke nauyin da ke kansa.

A Wa Zai Auri Jahila? an nuna Abu tana yarinya, an cire ta daga makaranta, sannan mahaifinta ya aurar da ita ga Sarkin Noma, wanda ya haife ta da nisa. A nan ba a shawarci yarinyar ba, ita ma uwar ba ta da ta cewa. Sai da Abu ta gudu birni wajen wata 'yar'uwar iyayenta ta sami komawa karatu. Ke nan tarbiyyar da ta tsaya mata ba daga gidan ubanta ta fito ba. Ba abin mamaki ba ne wannan jigo ya damu marubuciyar, domin ita kanta an yi mata aure tana da kimanin shekara 13.

Lamarin ya fi fitowa fili a Alhaki Kwikwiyo. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, amma cefanen da yake bayarwa ba ya isar matarsa Rabi da 'ya'yansu tara. Da ya auro Delu, rikici ya tashi, ya saki Rabi, ta fita da 'ya'yan. Daga nan ta kama sana'ar sayar da abinci, da ita take ciyar da su, ta kuma riƙe karatunsu. Idan aka lura, uban na nan da rai da dukiya, amma aikin uba ya koma hannun uwa. Can kuma da 'yarsu Saudatu ta auri Alhaji Abubakar, ga kuma gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, sai al'amari ya juya: wanda ya kori iyali shi ne ya dawo yana neman inuwarsu. A ganin mai wannan nazari, komawar Rabi gidan ba nasara ba ce kai tsaye, domin matsin dangi da duba 'ya'ya ne suka mayar da ita, ba son zuciyarta ba.

Wannan ya sha bamban da abin da ke cikin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda lalacewar yaro Kyauta ta samo asali daga sammun da aka yi masa don ramuwar gayya. Balaraba ba ta nemo dalili daga waje ba. A cikin gida ta ajiye shi, wajen kuɗin cefane da zaɓin miji da zaman kishi. Wataƙila wannan ne ya sa labarin ya karɓu har a wajen ƙasar Hausa, domin Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kwikwiyo zuwa Turanci, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga shi a 2012.